Yadda Ake Rubuta Harafin Sinanci da Hannu, Daga 口 Zuwa 你好

Ɗauki kwalin wani kaya da ke kusa da kai, ko na cajar waya, ko na fitila mai caji, ko na filas ɗin shayi, ka juya bayansa. Sau da yawa za ka tarar da waɗannan haruffa huɗu maƙale a wani lungu: 中国制造. Abin da suke cewa shi ne "ƙirar ƙasar Sin". Ga idon da bai saba ba, sai ka ce kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Ni ma kallon da nake musu ke nan, har ranar da na fara zama gaban malamar Sinanci. Ta rubuta 口 a allo, ta ce wannan shi ne "baki", kowa ya kwafa. Na ce a raina ai wannan akwati ne, na ja shi a tashi ɗaya ko fensir ban ɗaga ba. Ya fito tsaf. Malamar ko takardar ba ta duba ba, hannuna take kallo. Sai ta ɗaga yatsu uku. Ashe harafin zane uku ne, kowanne da mafarinsa da maƙararsa, kuma abin da na yi, duk kyansa, hoto ne kawai na zana.

Tun daga ranar na daina kwafar harafin Sinanci kamar hoto, na koma kallonsa kamar gini. Zane da zane su haɗu su ba da tubali, tubali da tubali su ba da harafi, duka a cikin fili ɗaya mai kusurwa huɗu. Wanda ya san tubalan, ya kuma san wanne ake fara ɗorawa, ko harafin da bai taɓa gani ba zai iya kwance shi ya sake ɗaurawa. Sinawa suna kiran haruffan nasu hànzì. Mun ce musu "harafi" ne don ba mu da wani sunan, amma ba irin a, b, c ba ne: kowane ɗaya gaɓar furuci ce guda mai ɗauke da ma'anarta.

Kayan aiki

Fensir, rula, abin gogewa, da littafin lissafi mai gida-gida. Shi ke nan. Kada ka fara da alƙalamin gashi da tawadar da ake gani a hannun masu rubutun ƙawa. Wannan wani fanni ne daban, kuma ɗan firamare a Beijing ma da fensir yake farawa.

Ja murabba'i mai faɗin santimita biyu, ka raba shi huɗu da layi mara kauri, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye. Abin da ya fito ya yi kama da harafin 田, wato gona, shi ya sa ake kiran irin wannan takarda tiánzìgé. In ka ƙara layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa ya zama mǐzìgé, don ya yi kama da 米, shinkafa. Cika shafi biyu da irin waɗannan gidaje. Ka'idar ita ce kowane harafi gida ɗaya yake ci, ko zanensa ɗaya ne kamar 一, ko goma sha biyu kamar 谢. Ba a ba babba fili biyu, ba a kuma matse ƙarami a rabin gida.

Sai samfurin da za ka riƙa kwafa. Nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Rubutun da ke cikin littattafai da jaridu yana da wasu 'yan kusurwoyi masu kama da dala a ƙarshen kowane layin kwance. Adon ɗab'i ne, hannu ba ya yin su. Nemi samfurin da aka yi da salon kǎishū, shi ne rubutun hannu na ƙa'ida da ake koya wa yara.

Mataki na farko: san zane-zanen

Zane ɗaya shi ne duk abin da fensir ya ja daga lokacin da ya taɓa takarda zuwa lokacin da ka ɗaga shi, ko da ya sha kwana a hanya. Na asali shida ne.

Na kwance, héng, ana jansa daga hagu zuwa dama, yana ɗan haurawa kaɗan, kamar 一. Wanda hannunsa ya saba da allo da ajami ya kula sosai, domin hannun zai so ya taso daga dama. Na tsaye, shù, daga sama yake sauka. Piě shi ne mai gangarowa hagu, yana farawa da ɗan nauyi ya ƙare siriri kamar wutsiyar ɓera, shi ne ƙafar farko ta 人, mutum. Ƙafa ta biyu ita ce nà, mai gangarowa dama: ita da sauƙi take farawa, tana tafiya tana nauyi, a ƙarshe ta ɗan kwanta ta baje. Ɗigo, diǎn, bai yi kama da ɗigon harafin "ba" ko "ta" na Larabci ba. Ɗan gajeren dannawa ne daga sama zuwa ƙasa ta dama, siffarsa kamar ƙwayar riɗi. Na shida, tí, fizga ce daga ƙasa ta hagu zuwa sama ta dama, kamar na ƙarshe a cikin 氵, tubalin ruwa.

Akwai kuma abu biyu da ba sa tsayawa su kaɗai, sai dai su rataya a jikin wani zanen: kwana, zhé, da ƙugiya, gōu. Komo kan 口 yanzu. Zane na ɗaya bangon hagu, daga sama zuwa ƙasa. Na biyu ya taso daga kan bangon, ya tafi dama, ya sha kwana ya sauko ba tare da an ɗaga fensir ba. Na uku ya rufe ƙasan daga hagu zuwa dama. Ga ukun da malama ta ɗaga mini yatsu a kai.

Masu rubutun ƙawa na Sin suna horar da hannu da harafin 永, mai nufin dawwama. A ƙirge zanensa biyar ne, amma motsin alƙalami iri takwas ne a cikinsa, kuma al'ada tana danganta wannan horon da Wang Xizhi, gwanin rubutu na ƙarni na 4. Rubuta shi sau biyar kafin ka fara aikin kowace rana, kamar yadda ɗan ƙwallo ke ɗumama jiki.

Mataki na biyu: wanne ake fara ja

Kwance kafin tsaye: a 十, goma, layin kwance ne farko. Gangaren hagu kafin na dama, kamar 人 da 八. Sama kafin ƙasa, kamar 三, inda na tsakiya ya fi gajarta, na ƙasa ya fi tsawo. Hagu kafin dama, kamar 川. In harafi yana da ginshiƙi a tsakiya da fukafukai biyu, kamar 小, ginshiƙin ake fara kafawa. In yana da katanga, kamar 月, katangar ake fara ja sannan a zuba na ciki. In kuma katangar mai rufewa ce ruf, kamar 日 ko 国, ana barin ƙasanta a buɗe sai an gama na ciki. Yaran Sin suna haddace wannan da cewa a shiga ɗaki tukuna sannan a rufe ƙofa.

Akwai masu saɓa wa waɗannan. Layin tsaye da ya huda harafi daga sama har ƙasa, kamar na 中, shi ne ƙarshe. Ɗigon da ke kafaɗar dama ta sama, kamar na 犬, kare, shi ma ƙarshe. Tubalin nan mai kama da jirgin ruwa, 辶, duk da yana hagu, sai an gama abin da zai ɗauka ake rubuta shi.

Za ka ce to in dai harafin ya fito daidai, ina ruwan wani da ta inda na fara? Ni ma na yi wannan gardamar. Amsa ta farko hannunka ne zai ba ka: tsarin an gina shi ne yadda ƙarshen kowane zane zai ajiye fensir kusa da mafarin na gaba, shi ya sa wanda ya bi shi harafinsa ke zama daram, wanda ya saɓa nasa ke karkacewa. Ta biyu, Basine in yana sauri haɗe zane-zanen yake yi, kuma ba za ka iya karanta rasit ɗin da ya rubuta maka ba sai ka san hanyar da alƙalaminsa ya bi. Ta uku, ƙirga zane abu ne da ake aiki da shi a zahiri. A bikin buɗe wasannin Olamfik na Beijing a 2008, da yawan zanen harafin farko na sunan kowace ƙasa aka jera masu shigowa fili. Shi ya sa Gini, 几内亚, mai harafin farko zane biyu, ta biyo bayan Girka, wadda bisa al'ada ita ke fara shiga, kai tsaye, ita kuwa Zambiya, 赞比亚, ta zo can ƙarshe gab da masu masaukin baƙi.

Abu ɗaya: Japanawa ma suna amfani da waɗannan haruffa, amma a wasu tsarinsu ya bambanta. A 右, dama, Basine da layin kwance yake farawa, Bajapane kuwa da gangaren hagu. In kana kallon bidiyon koyo, tabbatar na wace ƙasa ne.

Mataki na uku: kwance harafin kafin ka taɓa fensir

Nan ne daɗin abin yake. Kaɗan daga cikin haruffan asalinsu hoto ne: 日 rana, 月 wata, 木 itace, 山 dutse, 口 baki. An same su tun a rubutun da aka sassaƙa a ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru a zamanin daular Shang, fiye da shekara 3,000 da suka wuce, a yankin Anyang na lardin Henan. Wasu kuma haɗin ma'ana biyu ne: mutum ya jingina da itace, 休, hutu. Itace biyu 林, kurmi, uku kuma 森, ƙungurmin daji.

Masu koyarwa suna son waɗannan misalan don suna burge sabon ɗalibi, amma su ne 'yan tsiraru. Fiye da kashi 80 cikin 100 na haruffan wani gini ne daban: ɓangare ɗaya ya nuna fannin ma'ana, ɗayan ya nuna yadda ake furtawa. Dubi 妈, mā, uwa. Hagunsa 女 ne, mace. Damansa 马 ne, mǎ, doki. Babu abin da ya haɗa uwa da doki, an aro shi ne don sautinsa kawai. Sa baki a gefen dokin, 吗, ka sami ma, kalmar da ake rufe tambaya da ita.

Ga wani gida da nake so a nuna wa kowane mai koyo. Tubalin 青 ana karanta shi qīng. Sa masa ruwa a hagu, 清, qīng, ruwa garau. Sa masa rana, 晴, qíng, sama ta washe. Sa masa zuciya, 情, qíng, abin da ke rai. Sa masa magana, 请, qǐng, roƙo ko gayyata. Sa masa ido, 睛, jīng, ƙwayar ido. Harafi biyar, amma hannunka abu ɗaya ya koya mai zane takwas, sauran duk 'yan ƙananan alamu ne a gefe. Sai dai kada ka saki jiki da ɓangaren sauti. Harshen ya sauya cikin shekaru dubbai, rubutun bai bi shi ba. 河, kogi, hé ake cewa, alhali na damansa 可 kě ne. 江, shi ma babban kogi, jiāng ne, na damansa 工 kuwa gōng. Yana nuna maka unguwar ne, ba lallai ya kai ka ƙofar gidan ba.

Ka lura tubali yana canja kama in ya koma gefe, don ya ba maƙwabcinsa wuri. 人 ya zama 亻, 水 ruwa ya zama ɗigo uku 氵, 心 zuciya ta zama 忄, 手 hannu ya zama 扌, 言 magana ta zama 讠, 刀 wuƙa ta koma dama ta zama 刂, 火 wuta in ta shiga ƙarƙashi ta zama ɗigo huɗu 灬. Ko a 林, dubi itacen hagu da kyau: ƙafarsa ta dama ta naɗe ta zama ɗigo, don kada ta taka na kusa.

Saboda haka kafin ka rubuta kowane harafi, yi wa kanka tambaya uku. Tubali nawa ne? Yaya aka jera su, hagu da dama ne kamar 好, sama da ƙasa kamar 字, ko ɗaya a cikin ɗaya kamar 国? Sannan wanne ya fi cin fili? Sai ka amsa sannan ka sauke fensir.

Mataki na huɗu: rubuta 好

Hǎo, mai kyau, lafiya lau. Zane shida, tubali biyu: 女 mace a hagu, 子 ɗa a dama. Bayanin da aka fi yi shi ne uwa da ɗanta, abin alheri. Tsohon harafi ne ƙwarai: yana cikin sunan Fu Hao, matar sarki Wu Ding na daular Shang, wadda aka tono kabarinta a Anyang a 1976 aka tarar da sunan a jikin kayan tagulla.

Layin tsaye na tsakiyar gidanka shi ne iyaka. Mace ta ɗauki ɗan ƙasa da rabi, ɗa ya ɗauki sauran.

Zane na ɗaya: fara daga sama a ɓangaren hagu, gangaro ƙasa kana karkata hagu, da ka wuce layin tsakiya kaɗan sai ka juya ba tare da ɗagawa ba, ka gangara dama, ka tsaya da ɗan dannawa. Ya yi kama da gwiwar da aka ɗan lanƙwasa. Kada kwanar ta buɗe da yawa, in ba haka ba macen za ta yi faɗi ta cinye filin ɗanta.

Na biyu: fara daga dama da na farko, ɗan sama da layin kwance na tsakiya, ka gangaro hagu, ka ratsa ƙafar na farkon, ka ƙare siriri a ƙasa ta hagu.

Na uku: layin kwance daga bakin gidan na hagu, yana haurawa, ya tsaya daidai kan zane na biyu. Kada ya wuce. In 女 tana tsaye ita kaɗai, wannan layin yana miƙewa dama da hagu kamar an buɗe hannuwa, amma a nan ta naɗe hannun dama.

Na huɗu, an shiga 子: ɗan gajeren layin kwance a sama ta dama, ya sha kwana ya gangaro hagu, kamar lamba 7.

Na biyar: daga inda na huɗu ya tsaya, sauko ƙasa da ɗan lanƙwasa kaɗan kamar bayan wanda ya fara ruku'u bai kai ba, a ƙasa ka yi ƙugiya zuwa hagu. Ƙugiyar gajeriya ce, fizga ɗaya.

Na shida: layin kwance mai tsawo a wajen tsakiyar gida, ya taso daga kusa da macen ya ratsa na biyar ya kusa bangon dama.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne barin rata tsakanin tubalan biyu. In ratar ta yi yawa ba 好 ka rubuta ba, ka rubuta 女子, haruffa biyu masu nufin "mace". Matso da su har su kusa gogar juna.

Sai 你, don gaisuwar Sinawa ta 你好, wato sannu, ta cika

Nǐ, kai ko ke. Zane bakwai. A nan rabon ba daidai ba ne: 亻 siriri ne, kashi ɗaya cikin uku ya ishe shi. Ja gangaren hagu, sannan layin tsaye ya taso daga tsakiyar cikinsa ya sauka. Na dama shi ne 尔: ɗan gangaren hagu a sama, sai layin kwance da ya taso daga jikinsa ya tafi dama ya ƙare da ƙugiya mai kallon ƙasa. Abin da ya rage 小 ne, ka kuwa san dokarsa: ginshiƙi mai ƙugiya tukuna, sai na hagu, sai ɗigon dama.

Wannan 尔 ɗin za ka sake haɗuwa da shi. Sinawa da sauti suke rubuta sunayen ƙasashen waje, Nijar ita ce 尼日尔, Nijeriya kuma 尼日利亚. Ga 日 da ka riga ka sani a cikin duka biyun, ga 尔 a ƙarshen Nijar.

Jera su gida biyu: 你好. Wajen faɗa, kowannensu yana da karin sauti na uku, mai sauka ya tashi, amma in biyu irin wannan suka haɗu na farkon yana komawa mai hawa, sai a ji ní hǎo. Bahaushe bai kamata karin sauti ya ba shi tsoro ba, tunda da shi muke raba kukan yaro da kukar miya. Haddace kowane harafi da karinsa tun ranar farko. Shi kansa 好 in aka karanta shi hào, da sauti mai faɗuwa, ya koma "son abu".

Komawa kan kwalin

Yanzu biyun farko na 中国制造 ba za su gagare ka ba. 中, tsakiya, zane huɗu: 口 ne amma a baje, faɗinsa ya fi tsayinsa, sannan layin tsaye ya huda shi a tsakiya cif, bisa layin gidanka. Bar ƙarshensa ya tafi siriri. Masu rubutun ƙawa suna kiran irin wannan ƙarshen "allura mai rataye", wanda kuma aka tsayar da dannawa suna ce masa "raɓa mai ɗiga".

国, ƙasa, zane takwas. Bangon hagu, sai rufi da bangon dama a ja ɗaya. Shiga ciki ka rubuta 玉: kwance, kwance, tsaye, kwance, ɗigo. Sannan ka rufe ƙofa. Kada ka cika gidan da katangar har baki, harafi mai katanga in ya cika gida sai ya fi maƙwabtansa girma a ido, don haka ɗan rage shi. Na ukun, 制, ga wuƙa 刂 a damansa. Na huɗun, 造, rubuta 告 tukuna sannan ka zuro 辶 a ƙarƙashinsa.

In kwalin daga Taiwan ko Hong Kong ya zo, za ka ga wasu haruffan sun fi cunkushewa. Gwamnatin Sin ce ta fara sauƙaƙa rubutun a hukumance a 1956: 國 mai zane 11 ya koma 国, 馬 mai 10 ya koma 马 mai 3, 龍 mai 16 ya koma 龙 mai 5. Babban yankin Sin da Singafo suna amfani da sauƙaƙen, Taiwan da Hong Kong da Makawo suna kan na gargajiya. Mai harka da Guangzhou ko Yiwu ya kama sauƙaƙen, kada ya haɗa biyu a lokaci guda.

Kama da wane ba ta wane

A rubutun boko in wutsiyar harafi ta ɗan yi tsawo ba wanda zai damu. A nan tsawon layi ma'ana ne. 土 ƙasa ce, layin ƙasa ya fi tsawo. 士 kuwa, malami ko jarumi, na sama ne ya fi. 未 "bai riga ba", 末 "ƙarshe", bambancinsu wane layi ne dogo. 大 babba, sa ɗigo a tsakanin ƙafafu ya zama 太, "ya yi yawa", mai da ɗigon kafaɗa ya zama 犬, kare. 王 sarki, da ɗigo a ƙasa 玉 dutse mai daraja, da ɗigo a ka 主 mai abu. Mafi sharri su ne 'yan ukun nan, 己 da 已 da 巳: a na farko bakin a buɗe yake, a na biyu rabi, a na uku a rufe. Duk lokacin da ka koyi sabon harafi, nemi ɗan'uwansa mai kama da shi ka rubuta su gefe da gefe.

In ka ga harafin da ba ka sani ba

Ƙamus na takarda da tubalin ma'ana yake aiki, wanda ake kira bùshǒu, wato kan rukuni. Xu Shen, wanda ya tsara ƙamus ɗinsa wajen shekara ta 100 miladiyya, rukuni 540 ya yi. Ƙamus ɗin da aka kammala a 1716 bisa umarnin sarki Kangxi ya yi aiki da 214, kuma har yau lissafin nan ne aka fi sani. Ga yadda ake nema: a 河, kan rukunin 氵 ne, zane uku. Nemo shi a jadawalin masu zane uku, ka ƙirga abin da ya rage, 可 zane biyar, ka duba ƙarƙashin biyar.

A waya ya fi sauƙi. Ƙara allon rubutun hannu na Sinanci a Gboard, manhajar buga rubutu a waya, ko ka sauke manhajar ƙamus irin Pleco, ka zana harafin da yatsa. Wanda ya bi tsarin zane da ƙirgensa daidai ya fi saurin samun abin da yake nema.

Yadda za ka sa ya zauna

Cika shafi da harafi ɗaya sau ɗari ɓata fensir ne, bayan na goma hannu ne kawai ke tafiya, kai ya tafi wani wuri. Rubuta sau biyar kana kallon samfur, kana kiran sunan kowane zane da baki: piě, shù, piě, haka. Sannan rufe samfurin ka rubuta da ka. Buɗe ka gwada, ka duba inda kowane zane ya faɗa a kan layukan gida. Gobe, kafin ka ɗauki sabo, rubuta na jiya ba tare da dubawa ba, haka bayan kwana uku, haka bayan mako. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba a wanke allo sai an ba da hadda.

Harafi uku zuwa biyar a rana ya isa. Jadawalin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 yana da haruffa 8,105, amma rukunin farko, na yau da kullum, 3,500 ne, kuma tubalan da suka gina su 'yan ɗaruruwa ne masu ta maimaituwa. In mantuwa ta kama ka kada ka karaya. Su kansu Sinawa, tunda waya ta sa sun koma buga sauti da haruffan boko suna zaɓar harafi, har suna suka ba ciwon: tíbǐ wàngzì, ka ɗaga alƙalami harafi ya gudu. In babu takarda, rubuta da yatsa a tafin hannu, haka su ma suke yi in ana gardamar wane harafi ake nufi. Kuma in za ka rubuta sunan mutum, guji jan biro, ba sa so.

Gwajin farko da za ka iya ci a bakin kasuwa shi ne na suna. Sunaye da yawa sautinsu ɗaya, don haka Basine in zai faɗi sunan gidansu yakan kwance maka harafin da baki. Mai suna Zhāng zai ce "gōng cháng Zhāng", wato 弓 da 长, 张, don kada ka rubuta ɗaya Zhāng ɗin, 章. In kuwa ya ce maka "mù zǐ Lǐ", ka riga ka san duka biyun. Ɗora 木 a sama, ka gajarta ginshiƙinsa, ka baje ƙafafunsa su yi rumfa, sannan ka zaunar da 子 a ƙarƙashi: 李, zane bakwai.